Zuwa Gare Ka Abokina, Kan Maganar Rashin Barcin Nan

Assalamu alaikum mutumina,

Ya kake, ya iyali, ya ƙoƙari? Na karanta dogon saƙonka har ƙarshe kuma wallahi ya tsaya min a rai, musamman inda kace kana kwanciya a gajiye liƙis amma ido ya ƙi rufuwa, ga aiki ya sha maka kai, ga jikin Baba, ga nisa, kuma duk wanda ka kira don ka ɗan rage nauyi sai ka tarar shima nasa yake jira ya sauke maka. Allah Ya ba Baba lafiya, kai kuma Ya yaye maka. Da ina kusa da tuni na zo mun zauna ko da ba za mu ce komai ba, to tunda ba hali bari in rubuto maka abinda nake da shi.

Layi ɗaya ne a saƙon naka ya hana ni yin shiru, inda kace ka gwada zaman natsuwar nan da na taɓa yi maka maganarsa, ka rufe ido kana bin numfashi amma ko minti ɗaya ba a yi ba tunani ya kwashe ka, shine ka yanke cewa abin ba na irinka bane. Don Allah ka janye wannan hukuncin. Ba wanda ya ce sai kanka ya zama wayam ba komai a ciki, wannan ba ya faruwa da kowa, har waɗanda suka shekara da shekaru suna yi. A 2010 wasu masana biyu a jami'ar Harvard ta Amurka, Matthew Killingsworth da Daniel Gilbert, sun bibiyi mutum 2,250 ta wata manhajar waya da take tambayarsu ba zato ba tsammani me kake yi yanzu kuma ina hankalinka yake, sai suka tarar kusan kashi 47 cikin 100 na lokacin hankalin mutane ba ya kan abinda suke yi, kuma a lokacin da hankalin ya tafi yawo mutanen sun fi cewa ba sa jin daɗi. Kaga kenan ba kai kaɗai bane, haka zuciyar ɗan Adam take, balle kai da abubuwa suka taru maka.

Aikin gaba ɗaya a dawowar yake. Hankali ya tafi, ka farga ya tafi, ka dawo da shi kan numfashi ba tare da ka zagi kanka ba. Kamar makiyayi ne da tunkiya ta bar garke, ba ya tsayawa yi mata faɗa ko ya zauna yana baƙin ciki, juyo da ita kawai yake yi su ci gaba da tafiya, in ta sake fita ya sake juyo da ita. Wannan lokacin da kace a ranka "af, na tafi tunanin asibiti", wanda kai ka ƙirga a matsayin faɗuwa, shine daidai lokacin da abin ya yi aiki, don kafin nan tunanin ne yake jan ka baka sani ba, yanzu kuma ka gan shi. Zaman da ka dawo sau da yawa a cikinsa bai lalace ba ko kaɗan.

Bari in ɗan faɗa maka abinda ke faruwa a jiki don kar ka ɗauka maganar jin daɗin baki ce. In mutum ya shiga damuwa, wasu ƙananan ƙulli guda biyu da ke zaune a saman ƙoda suna sakin sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce ya koma saman ƙirji, kafaɗu da muƙamuƙi su ɗaure, cin abinci ma ya fita daga rai. An yi wannan tsarin ne don haɗarin da zai zo ya wuce, mutum ya gudu ko ya kare kansa sannan jiki ya sauka. Matsalar ita ce jiki ba ya bambance haɗarin da ke gabanka da wanda kake ta juyawa a kai da ƙarfe biyun dare, duk ɗaya yake ɗaukarsu, shi ya sa kake kwance a gado lafiya lau amma ƙirji na dukan uku-uku. Bugun zuciya ba ka da iko ka ce masa tsaya, amma numfashi yana hannunka, kuma akwai wata doguwar jijiya da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya zuwa zuciya da huhu da ciki wadda take taka wa bugun zuciya birki, kuma duk sanda kake fitar da iska zuciya tana ɗan sassautawa. Babban mutum a zaune yana numfashi kamar sau 12 zuwa 20 a minti, in ka rage shi a hankali zuwa wajen sau 6 kana tsawaita fitarwar fiye da shaƙar, jiki da kansa zai fara sauka ko da tunanin bai gama lafawa ba.

To ga yadda nake so ka sake gwadawa. Ka samu waje ka zauna, kujera ko ƙasa duk ɗaya, baya a miƙe amma ba a sandare ba, waya ta yi nisa da hannunka. Minti biyar ya isa a farko, kar ka ce sai rabin awa. Ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake ta a hankali kana ƙirga shida, ka sa hankalinka inda kafi jin numfashin, ko bakin hanci ko cikinka da yake tashi yana sauka. In ƙirgen ya dame ka ka bar shi, in rufe ido yana sa ka ji ƙunci ka buɗe ka kalli ƙasa. Tunanin Baba zai zo, tunanin aiki zai zo, kar ka kore su da ƙarfi don korar ma wani faɗan ne, kace a ranka "damuwa ce" ko "tsoro ne", ka koma kan numfashinka. Shikenan fa.

Na san ka, na san za ka tambaya ko wannan ba ibadar wasu mutane bace. Gaskiya ne mabiya addinin Buddha da Hindu sun daɗe da nasu salon, kuma daga wajensu aka ɗauko wasu hanyoyin da ake koyarwa a asibitoci yau. Amma keɓewa a yi shiru a tattara hankali ai ba mallakin kowa bane, Annabi (SAW) ma yana keɓewa a kogon Hira kafin wahayi ya fara sauka. Wani likitan zuciya a Harvard, Herbert Benson, ya auna jikin masu irin wannan zaman a shekarun 1970, ya ga bugun zuciya da numfashi da iskar da jiki ke ƙonawa duk suna raguwa, ya kuma ce abu biyu ne ginshiƙin abin, maimaita wata kalma ko addu'a ko bin numfashi, sai kuma komawa kanta cikin sauƙi duk sanda tunani ya kutso. Ya bar wa kowa ya zaɓi kalmar da ta dace da imaninsa. Don haka in zikirinka ne ya fi kwanta maka ka haɗa shi da numfashin, ni ma shi nafi samun natsuwa da shi, sai dai a yi shi a hankali zuciya na nan, ba baki na motsi hankali na wajen aiki ba.

Ba zan yi maka alƙawarin abinda ba haka ba. A 1979 wani masani mai suna Jon Kabat-Zinn ya fara wani shiri na sati takwas na koyar da irin wannan zaman a asibitin jami'ar Masachusets ta Amurka don marasa lafiyar da ciwo da damuwa suka daɗe suna ci, daga nan abin ya bazu duniya, kuma a 2014 da wasu masu bincike suka tattara gwaje-gwaje 47 suka duba, abinda suka samu shine yana rage fargaba da baƙin ciki da jin ciwo daidai gwargwado, taimako ne na gaske amma matsakaici. Ba zai warkar da Baba ba, ba zai rage maka aikin ofis ba. Abinda ni na gani a kaina shine yana buɗe wata 'yar tazara tsakanin abu ya faru da ka mayar da martani, saƙo mai zafi ya shigo ka iya jan numfashi kafin ka amsa, labari mara daɗi ya zo ka ji zafinsa amma bai tafi da kai gaba ɗaya ba. A wajena wannan tazarar ba ƙaramin abu bace, kuma ita nake maka kwaɗayi.

Abu ɗaya da zan dage maka a kai, kar ka jira sai ƙirji ya cika sannan ka tuna da shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka liƙa shi da wani abu da kake yi kullum ba fashi, da sassafe kafin ka taɓa waya ya fi, don da zarar ka buɗe saƙonni ranar ta riga ta kama ka. In wata rana ta kuɓuce maka ka ci gaba washegari kawai. Da dare kuma in barci ya ƙi, maimakon ka dinga duba agogo kana lissafin awa nawa ya rage, ka kwanta rigingine ka bi jikinka da hankali daga yatsun ƙafa zuwa sama, duk inda ka ji ya ɗaure ka sake shi tare da fitar numfashi.

Amma ka ji ni da kyau ɗan'uwa, in rashin barcin nan ya ɗauki makonni, ko ka ga abubuwan da kake so sun daina yi maka daɗi, ko ƙirji na ciwo, ko wani mummunan tunani game da rayuwarka ya fara zuwa, ka je ka ga likita ba tare da jinkiri ba, ba abin kunya a ciki. Haka kuma akwai mutanen da in sun zauna shiru tsofaffin abubuwa masu ciwo suke taso musu da ƙarfi, in ka ji haka ka dakata, ka tashi ka taka, ka kira wani. Ni ma ka kira ni, ko tsakar dare ne, da gaske nake.

Ka gwada na sati biyu ka rubuto min yadda ka ji, ko da cewa za ka yi ba ka ga canji ba ina so in sani, kuma ka faɗa min abinda likitoci suka ce game da Baba a zuwan da za ku yi. Ka gaida min Mama da madam da yara, kace ina yi wa Baba addu'a.

Naka har kullum,
Abokinka