Wasiƙa Zuwa Guangzhou: Ka Aiko Mini da Fari

Kano, daren Laraba.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Ya aiki, ya baƙunta? Ranar Juma'a na leƙa wajen Inna, ta kunna mini muryarka a WhatsApp har sau biyu tana murmushi. Ƙafar ta yi sauƙi, kada ka damu.

Saƙonka a kan kwantenar yadin da kake so mu haɗa kuɗi mu ɗauko daga Chaina ya same ni. Na yi jinkirin amsawa ne don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya. Na yarda mu yi, amma da sharaɗi ɗaya, kuma sai na faɗa maka inda sharaɗin ya samo asali.

Watan jiya na je Kaduna ta'aziyya, na bi ta Kakuri. Ka tuna jiniyar canjin aiki? Yadda titi yake cika da kekuna, ma'aikata na fitowa da burbushin auduga a gashin kansu, mu kuma muna tsaye wajen mai ƙosai muna jiran Baba ya miƙo mana canji? Yanzu ciyawa ta fi mutum tsawo a harabar masaƙar, rufin ya rufta, awaki ke kiwo a ciki. Na daɗe tsaye a bakin ƙofar. Baba ya rasu yana jiran kuɗin sallamarsa, takardun na nan a akwatin Umma har yau. Ranar da injin ya tsaya kuwa, wutar mai tuwon bakin ƙofa ta mutu, mai facin keke ya tashi, manomin auduga a Funtuwa da Gusau ya rasa mai saye.

Tun 1957, zamanin Sardauna, aka fara saƙa a Kaduna, har masaƙu suka zama su ne na biyu wajen ɗaukar ma'aikata bayan gwamnati. Sai shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, wato SAP, ya zo a 1986, naira ta faɗi, kayan gyaran inji suka yi tsada. Najeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, Chaina ta shiga a 2001, sannan a farkon 2005 aka cire ƙa'idar da ke iyakance yawan tufafin da ƙasashe ke fitarwa. Kafin 2007 ta ƙare, masaƙar UNTL, wadda ta fi kowace girma, ta rufe. Wannan ne abin da 'yan rediyo ke kira dunƙulewar duniya, mu kuwa a gidanmu mun san shi ne da ranar da aka daina sayen nama.

Ba na ɗora wa mutanen da kake zaune cikinsu laifin duka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Masaƙar da ba ta da wuta, tana ƙona baƙin mai da tsada, ta yaya za ta yi gogayya da wadda injinta ba ya tsayawa dare da rana? Ga 'yan fasa-ƙwauri, kaya su sauka Kwatano, su zagayo ta Nijar, su shigo ta Jibiya, kuma 'yan'uwanmu ne ke fiton. Ni kaina da atamfar Chaina nake ciyar da iyalina a Kantin Kwari, kuma ina ganin amfaninta da idona. Ana gobe Sallah wata dattijuwa ta kwance bakin zanenta, ta ƙirgo kuɗi tsofaffi, ta sayi turmi ɗaya don jikarta marainiya. Da Holan ce kaɗai a kasuwa, da yarinyar nan ta yi Sallah da tsohon kaya. Fitilar sola da ke ɗakin Inna ma daga can ta zo.

Abin da ke ci mini rai daban ne. Kano ba baƙuwar fatauci ba ce. Lokacin da Bature Barth ya zo a 1851, ya tarar ana kai saƙin Kano har Tambutu da Tarabulus. Buzaye na naɗa rawanin da aka rina aka buga a Kura. Kakanninmu abin da hannunsu ya gama suke fitarwa. Mu fa? Fata ake jemewa a Challawa, ruwan jima mai wari ya gangara kogi inda mutane ke noman rani, fatar ta tafi Italiya, ta dawo mana takalmi da kuɗin da ba ma iya saye. Riɗi ya tafi ɗanye. Har jakuna aka dinga yankawa don fatarsu, sai da Tarayyar Afirka ta hana a 2024, bayan jaki ya gagari talaka a ƙauye. Abin da ya rage mana shi ne leda. Kowane turmi da ledarsa yake zuwa, kuma da damina ka ga inda take ƙarewa: ta toshe kwata, ruwa ya shigo rumfuna, mu kwana muna ɗaga diloli.

To ga inda sharaɗina yake. Akwai wani dattijo marini da nake kai wa shadda a Ƙofar Mata. Hannunsa ya rine har gwiwa, shuɗin baba ya zauna a farcensa, ba sabulun da zai fitar. Rannan ya nuna mini ramukan da ke kewaye da nasa, yawancinsu a bushe, wasu cike da shara. Ya ce 'ya'yansa duk sun koma Adaidaita Sahu da sayar da layin waya. Sannan ya ɗauko wani yadi da aka kawo masa gani: zanen ɗaurin rininsu ne sak, amma inji ne ya buga shi a can wajenku, kuma kuɗinsa bai kai abin da shi yake kashewa a kan kayan rini ba. Kukan da marina suka kai fadar Sarkin Kano ke nan a 2015, cewa an bar kawo fari, an koma kawo rinanne. Bai roƙe ni komai ba. Ya ninke yadin a hankali ya ajiye, ya ci gaba da tsoma nasa.

Don haka rabin kwantenar da ke nawa, ka loda mini farar shadda zalla, auduga tsantsa, ba mai roba ba, don roba ba ta shan baba, kuma da bazara kamar ka sa buhu take. Kada ka sa mini ko yadi ɗaya mai kwaikwayon rinin gida. Na san ribar ba za ta kai ta rinanne ba, na yi lissafi sau uku. Amma marini zai samu, mabugi zai samu, matan da ke ɗaurin zane a cikin gida za su samu. Babbar 'yata ta ce za ta riƙa ɗaukar hoton kayan tana sawa a Instagram, tunda yanzu a can amare ke zaɓen anko, kuma wata daga Kumasi ta riga ta tambayi kuɗin guda goma. Naka rabin kuwa, kai ka san abin da ya fi maka, ba zan ce komai ba.

Ka turo mini samfuri kala uku da farashin kowace dila kafin ƙarshen wata, don in san abin da zan canza, dala ba ta zama wuri ɗaya. In ka samu dama ka shiga ɗaya daga cikin masaƙunsu, ka ɗauko mini bidiyon injinan suna aiki, ina so in nuna wa Umma.

Umma da maiɗakina suna gaishe ka, takwaranka ya shiga aji uku. Allah Ya tsare, Ya dawo mana da kai lafiya.

Naka har kullum,
Amininka na Kakuri.