Wasiƙa zuwa Kumasi: kafin ka yanki tikitin Gwanzu

Alhajina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara da dukan mutanen zango. Mu nan Kano sai godiya, kasuwa ana ta lallaɓawa. Na yi murna ƙwarai da jin cewa ka daina aike, za ka riƙa zuwa Chaina saro kaya da ƙafarka. Allah ya sa albarka a ciki. Ka tambaye ni batun katin makin jirgi, wai yana da amfani ko wayon kamfanoni ne kawai. Na ga maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Wayo ne, ba na musu. Tun 1981 da American Airlines ya fito da nasa tsarin, sauran suka bi sahu, ba don Allah suke yi ba, so suke su riƙe fasinja kada ya je wani wuri. To amma mu ma da namu lissafin. Yawancin mutanenmu a Kwari tikitin kyauta suke hange, shi ya sa in suka tara shekara biyu ba su ga komai ba sai su yar da katin. A wurin ɗan kasuwa irina da irinka, ribar tana cikin matsayi, domin matsayi shi ke kawo ƙarin akwati.

Maki iri biyu ne a kan kati ɗaya. Akwai wanda ake kashewa, a karɓi tikiti ko a ɗaga kujera zuwa babban aji. Akwai kuma na matsayi, wanda ba a kashe shi, ana ƙirga shi ne cikin shekara don a ga ko ka kai Silver ko Gold. A ShebaMiles na jirgin Habasha, mil 50,000 a shekara ke kai mutum Gold. Daga Akra zuwa Adis Ababa kimanin mil 2,700 ne, daga Adis zuwa Gwanzu kimanin 5,000. Zuwa da dawowa ya haura 15,000 ke nan. Idan tikitinka mai ba da cikakken maki ne, sawu huɗu ya ishe ka. Kai kuwa ka ce baje kolin Canton da ake yi a Gwanzu, na Afrilu da na Oktoba, ba za su wuce ka ba, ga sarin kayan sallah a tsakani. Ka ga abin ba nisa.

Me Gold zai ba ka? Ƙarin akwati ɗaya a kan biyun da aka saba, ko kilo 20 a jiragen da ke lissafi da nauyi. Ka je ka tsaya bakin ma'auni a filin jirgin Baiyun na Gwanzu daren da jirgin Adis zai tashi, ka ga 'yan'uwanmu a tsugune sun zazzage jaka a ƙasa, ana cire takalma daga wannan ana cusawa a waccan, wani ya sa riga uku a jikinsa, duk don gudun kuɗin ƙarin kaya da ake biya da dala. Mai katin Gold layinsa daban, ya ɗora akwati na uku ba wanda zai ce masa uffan, kuma kayansa na cikin na farkon fitowa idan an sauka. Samfur ɗin da kake son ya riga kwantena isowa, da 'yan kayan da ba ka son ba wa masu kago, duk a nan suke tafiya. Ga ɗakin hutawa kuma, da izinin shiga da baƙo ɗaya. Na san za ka ce kai ba ɗan gayu ba ne. Bari ka yi awa shida a filin jirgin Bole da tsakar dare cikin sanyin Adis, ka samu shayi mai zafi da wurin cajin waya da inda za ka yi alwala a natse, sannan mu sake maganar.

Abin da ke hana mutane kaiwa shi ne rarraba ƙafa. Yau jirgin Habasha, gobe na Masar, jibi na Turkiyya, kowanne da katinsa, kowanne da 'yan makin da ba su isa komai ba. Alhali su ukun nan ƙungiya ɗaya suke, Star Alliance, wadda aka kafa a 1997. Turkish Airlines da EgyptAir sun shiga a 2008, Ethiopian a 2011. Lambar kati ɗaya za ka riƙa bayarwa a duk wanda ka hau, makin ya taru a wuri guda, kuma Gold ɗinka yana aiki a dukansu. Har a cikin Chaina, Air China da Shenzhen Airlines 'yan ƙungiyar ne. China Southern kuwa, duk da Gwanzu ne gidansa, ba ɗan ƙungiyar ba ne, ko SkyTeam, wata ƙungiyar daban da yake ciki a da, ya fice daga cikinta tun 2019, don haka kada wani ya ruɗe ka da shi. Qatar Airways da Royal Air Maroc da British Airways suna ƙungiyar oneworld. Saudia da Kenya Airways da KLM da Air France suna SkyTeam. Emirates shi kaɗai yake tafiyarsa. Da ni ne kai, ShebaMiles zan riƙe. In kuma ka ga hanyar Istanbul za ta fi yawa saboda kayan Turkiyya da Hajiya ke sayarwa, katin Miles&Smiles na jirgin Turkiyya yana ba da matsayin Elite a mil 40,000 cikin wata 12, shi ma daidai yake da Gold a duk ƙungiyar.

Yanzu batun ejan, don nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Kowane tikiti yana da harafi guda da ke nuna ajinsa, ko da kujerar iri ɗaya ce. Mutum biyu za su zauna kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya samu cikakken mil, ɗaya rabi ko kwata, wani ma ko ɗaya. Mafi arha shi ne mafi ƙarancin maki, tikitin rukuni kuwa sau da yawa ba ya ba da komai, haka ma jiragen shata na aikin Hajji. Kafin ka biya ka ce ejan ya gaya maka harafin, ka duba a manhajar kamfanin nawa yake bayarwa. In bambancin kuɗin kaɗan ne, kuma shi zai ƙarasa ka Gold, biya. In mai yawa ne, ɗauki mai arha ka yi gaba, kada son maki ya cinye maka jari. Akwai wani ejan a nan da ya riƙa sa lambar wayarsa da imel ɗinsa a rajistar abokan cinikinsa, sai daga baya suka tarar asusun ba a hannunsu yake ba. Ka buɗe naka da kanka, kyauta ne, kuma lambar sirri ta tsaya a wurinka.

Sunan da ke kan katin ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi. Mu masu Muhammad da Mohammed da Muhammadu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, na'ura ba ta san duk mutum ɗaya ba ne. Takardar shiga jirgi kuma kada ka yar sai ka ga makin ya shiga. In bai shiga ba ana iya nema daga baya, amma akwai wa'adi, kuma ita za a tambaye ka.

Makin kashewa shi kuma kamar tumatir yake, ba gero ba ne da za a zuba a rumbu. Na Turkish da na Emirates shekara uku suke yi su mutu, kuma kamfani na iya ƙara yawan makin da tikiti ke ci duk ranar da ya ga dama. Mu a Najeriya mun ga wani abin ma. Lokacin da kuɗin kamfanonin waje ya maƙale a ƙasar nan saboda ƙarancin dala, Emirates ya dakatar da zuwa a ƙarshen 2022, bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024. Wanda ya tara a can, sai dai ya tsallaka wata ƙasa kafin ya mora. Da ya isa tikiti, kashe shi. Ka sani kuma tikitin maki ba kyauta ba ne tsantsa, haraji da kuɗin filin jirgi daga aljihunka za su fita, kujerunsa ma ƙididdigaggu ne, a watan azumi da ƙarshen shekara sai mai rabo. Ni inda na fi ganin daɗinsa shi ne yankar wa wani na gida, kamar Umarar Hajiya a lokacin da ba cunkoso, a nema da wuri. Masu tallar maki a WhatsApp, ka yi nesa da su. Dokar kamfanonin ta hana saye da sayarwa a bayan fage, in aka gano sai a rufe asusun a soke tikitin, wataƙila kana tsaye a filin jirgi da kayanka.

Akwai wasu alfarmomin da ko kati ba sa buƙata, rashin tambaya ne kawai ke sa su wuce mu. Idan jiranka a Adis ya kai awa 8 zuwa 24 kuma babu jirgin da ya riga wannan, Ethiopian na ba da otal da abinci da motar kai da kawowa. Ka tabbatar da shi tun a Akra wajen awon kaya, kada ka bari sai ka sauka. Turkish kuma yana zagayawa da masu jiran awa 6 zuwa 24 cikin Istanbul kyauta, muddin kana da izinin shiga ƙasar. In hali ya yi ka samu zagayen da ke bi ta Masallacin Sultan Ahmad.

Idan ka buɗe asusun ka turo mini hoton tikitin kafin ka biya, in duba maka harafin. Ni ma ina sa ran tafiya bayan sallah, in kwanakinmu suka zo ɗaya sai mu haɗu a Adis mu ƙarasa tare, in nuna maka masu masauki a unguwar Xiaobei ta Gwanzu. Ka gaida Hajiya da yara, ka miƙa gaisuwata ga Malam Liman da mutanen majalisa. Mutanen gida duk suna gaishe ku.

Wassalam,
Amininka na Kano