A buɗe wa asibitocin Jihar Katsina ɗakunan karatu tun wata annobar ba ta zo ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida in isar da koke ga Gwamnatin Jihar Katsina, musamman Ma'aikatar Lafiya da hukumar da ke kula da asibitocin jiha. Duk lokacin da aka tashi maganar shirin tunkarar annoba, abin da ake lissafawa shi ne gadaje da iskar oksijin da takunkumi da motocin ɗaukar marasa lafiya, kuma babu wanda zai ce ba a buƙatar su. Amma ban cika jin an ambaci ɗakin karatu na asibiti da ma'aikacin da zai riƙe shi ba. Ni ma'aikacin jinya ne, a ƙasar Daura na yi yawancin aikina, kuma abin da na gani a shekarar 2020 ne ya sa nake ganin wannan giɓi ba ƙarami ba ne.

An tabbatar da shigowar korona Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020. Zuwa farkon watan Afrilu ta iso mana, kuma mutum na farko da aka tabbatar ya kamu a jihar nan likita ne a Daura, Allah ya jiƙansa da rahama. Ba a jima ba gwamnan lokacin, Aminu Bello Masari, ya sa dokar kulle a garin. Jama'a suka shige gida, mu kuwa dole mu fito. A waɗannan makonni tambayoyin da ke damun ma'aikaci a bakin aiki ƙanana ne a ido, amma rai ya rataya a kansu. Takunkumi ɗaya awa nawa zai yi a fuska kafin a canza? Yaya ake haɗa ruwan kulorin na goge gado, kuma shi ne dai za a zuba inda jini ya zuba? Uwar da ake zargin ta kamu ta ci gaba da ba jaririnta nono? Wa zai yi wa mamaci wanka, kuma da wace kariya? Duk waɗannan suna da amsa a rubuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kulorin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari ya isa goge kaya, inda jini ya zuba kuma a yi amfani da mai kashi 0.5, ta kuma ce uwa ta ci gaba da shayarwa tana sanye da takunkumi. Hukumar NCDC mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka a Najeriya ma ta fitar da nata ƙa'idoji, tana sabunta su lokaci zuwa lokaci. Matsalar ita ce babu wanda aikinsa ne ya ɗauko waɗannan takardu ya kai su hannun nas ɗin da ke aikin dare.

Sai WhatsApp ya zama malaminmu. Kowa na turo abin da aka turo masa, wani daga ƙanensa da ke karatu a waje, wani daga zauren tsofaffin ɗalibai, babu kwanan wata, babu sunan wanda ya rubuta. A cikinsu akwai na gaskiya, akwai wanda ya tsufa, akwai kuma ƙarya tsagwaronta, kuma duk kamarsu ɗaya a fuskar waya.

A ɗauki maganar kulorokwin. A watan Maris na 2020 shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yabe shi a matsayin maganin korona, mutane suka yi ta saye, har hukumomin lafiya a Legas suka sanar cewa an kwantar da wasu saboda sun sha ya yi musu yawa. A nan ma majinyata da 'yan uwansu sun riƙa tambayar mu shi da suna. A watan Yuni babban gwajin da Jami'ar Oxford ta jagoranta a asibitocin Birtaniya, wanda ake kira RECOVERY, ya nuna cewa ɗan uwansa haidiroksikulorokwin ba ya rage mutuwa ga waɗanda aka kwantar. A wannan watan ne kuma mujallar The Lancet, wadda likitocin duniya ke ji da ita, ta janye wata maƙala da ta buga a kan maganin saboda an kasa tabbatar da alƙaluman da aka gina ta a kansu. To idan babbar mujalla irin wannan za ta buga abu ta dawo ta janye cikin mako biyu, ina ga ma'aikacin da ke karanta guntun saƙo a tsaye tsakanin gado da gado?

Labarin dezametazon ya fi taɓa ni, domin magani ne mai araha da ke kowane kemis a Daura da Mai'aduwa da Zango. Ranar 16 ga Yunin 2020 masu gwajin nan na RECOVERY suka sanar cewa miligiram 6 a rana, har zuwa kwana goma, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar taimakon numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ake ba iskar oksijin kawai. Amma akwai sauran bayani a ƙasa: ga wanda ciwonsa bai kai ga buƙatar oksijin ba, maganin bai amfane shi da komai ba. Ga shi kuma yana tayar da sukarin jini, yana raunana garkuwar jiki. Rabin farko na labarin ya zagaya wayoyi cikin yini guda. Rabin na biyu, wanda shi ke raba wanda za a ba da wanda ba za a ba ba, sai wanda ya zauna ya karanta rahoton ya san shi. A ƙasar da dama wasu ke shan wannan ƙwaya don neman ƙiba, rabin labari haɗari ne. Da a ce akwai mutum ɗaya a asibiti da zai buɗe rahoton a ranar, ya kai wa babban likita ya duba, a buga shafi ɗaya a manna a kowane ɗakin majinyata, da an huta da gardama mai yawa.

Wannan mutum shi ne ma'aikacin laburare na asibiti. Da yawa idan an ce laburare, abin da ke zuwa musu a rai shi ne ɗaki mai ƙura da kantocin tsofaffin littattafai. A wani asibiti da na yi aiki haka nasu yake: kullum a kulle, makulli na hannun wanda aka yi wa canjin wurin aiki, littattafan ciki sun girmi yawancin ma'aikatan, daga baya ma aka mayar da ɗakin sito. Ba irin wannan nake roƙo ba. Ina maganar wanda ya karanci aikin, ya iya bincike a rumbunan mujallun likitanci, ya san bambancin maƙalar da masana suka tantance da wadda aka sake a intanet kafin tantancewa, yana duba shafin NCDC da na Hukumar Lafiya ta Duniya kowace safiya, ya cire tsohuwar takarda daga allon sanarwa ya sa sabuwa da kwanan watanta. Likita ya aiko masa tambaya da safe, kafin azahar ya kawo masa abin da aka rubuta a kai. Hukunci na likita ne, shi nasa nemowa da tacewa.

Kayan aikin kuma, Malam Edita, yawancinsu ba sai an kashe wasu maƙudan kuɗi ba. PubMed, rumbun da babban laburaren likitanci na Amurka ke riƙe da shi, kyauta ne ga duk mai intanet. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya da manyan kamfanonin ɗab'i suka buɗe shirin Hinari, wanda yanzu yake ƙarƙashin Research4Life, domin cibiyoyin lafiya da makarantu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su karanta dubban mujallu kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Sai dai cibiya ce ke yin rajista, ba mutum ɗaya ba, don haka dole a sami wanda zai cike takardu, ya riƙe lambar shiga, ya koya wa ma'aikata yadda ake amfani da ita. Akwai African Journals Online da ke tara mujallun Afirka, inda za a sami binciken da aka yi a kan majinyata irin namu. A ƙarshen Janairun 2020 ma kamfanonin ɗab'i da yawa sun sa hannu cewa za su buɗe duk binciken korona kyauta. Ƙofa a buɗe take, mai shiga ya ɗauko mana ne babu.

Na san za a ce ina wuta, ina intanet, musamman a ƙauyukan bakin iyaka. Gaskiya ne, amma an daɗe da yi wa wannan dabara. A ƙarshen shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani akwatin ƙarfe shuɗi mai ɗauke da littattafai sama da ɗari da aka zaɓo don asibitocin gunduma a Afirka. Akwai kuma eGranary, rumbun kwamfuta da ake cika shi da littattafai da mujallu a karanta ba tare da intanet ba, wanda tunaninsa ya samo asali daga wahalar intanet da wanda ya ƙirƙiro shi ya gani a Jami'ar Jos. Yau da sola ta wadata, kwamfuta biyu da firinta da batir ba su fi ƙarfin kasafin kuɗin babban asibiti ba.

Wani ɓangare da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne harshe. Kusan duk takardun nan da Turanci suke, Turancin ma na likitoci. Amma wanda ya fi kowa taɓa zanin gado da bokitin amai da kwandon allurai shi ne mai shara da lebura da mai wanki, kuma da yawansu Hausa kaɗai suke karantawa, wasu ma da ajami. Su ne ba a kira taron bita, su ne kuma ke komawa gida su ci abinci kwano ɗaya da 'ya'yansu. Ɗakin karatun asibiti ya kamata ya zama wurin da ake mayar da ƙa'idar wanke hannu da cire safar hannu da haɗa kulorin zuwa Hausa mai sauƙi, da hotuna, likita ya duba ya sa hannu, a raba har zuwa ƙananan asibitocin ƙauye inda malamin asibiti ɗaya ke riƙe da komai. Muna da malaman Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da kwalejojin ilimi da za su iya wannan aiki idan an neme su.

Kada kuma a ce ai korona ta wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kanta ranar 5 ga Mayun 2023, amma kafin nan mashaƙo ya riga ya ɓulla a Kano ya bazu zuwa maƙwabta, har da mu. Ma'aikata matasa da yawa ba su taɓa ganin mashaƙo da idonsu ba sai a littafin makaranta, kuma ciwo ne da ake son a gane shi da wuri a ba da maganin kashe dafinsa. Kwalara ta yi mana ɓarna a 2021. Sanƙarau na nan yana jiran zafi kowace shekara, ga zazzaɓin Lassa. Mu da ke zaune a bakin iyaka da Nijar, ta Kongolam da Jibiya mutane ke kai da komo dare da rana, cuta kuma ba ta neman fasfo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Roƙona ga Mai Girma Gwamna da Kwamishinan Lafiya shi ne a fara da manyan asibitocin shiyyoyi uku, Katsina da Daura da Funtuwa. A ware ɗaki, a ɗauki wanda ya karanci aikin laburare a ba shi horo kan binciken likitanci, a sa kuɗin data da takarda da tawada a kasafin asibiti da sunansu, domin abin da ba shi da gurbi a kasafi shi ake fara yankewa. A yi wa kowanne rajistar Hinari. A bar ɗakin a buɗe har dare saboda masu aikin dare, a kuma sa ma'aikacin laburaren cikin kwamitin yaƙi da yaɗuwar cuta na asibitin, ya ji da kunnensa abin da ma'aikata ke nema. Daga waɗannan ukun sai a riƙa aika takardu zuwa dukkan ƙananan hukumomi 34 na jihar. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da makarantun koyon jinya da ungozoma da na fasahar lafiya a Kankiya da Daura duk za su iya ba da hannu wajen horarwa. Likitoci da nas-nas ma za su amfana ko babu annoba, tunda sai sun nuna shaidar ƙaro ilimi kafin a sabunta musu lasisi.

Ina kuma kira ga ƙungiyoyinmu na likitoci da na ma'aikatan jinya da ungozoma reshen jiha su sa wannan cikin buƙatun da suke kai wa gwamnati, kusa da maganar alawus da kayan kariya, sannan 'yan majalisar dokokin jiha su tambayi Ma'aikatar Lafiya asibitoci nawa ne ke da ɗakin karatu mai aiki a lokacin kare kasafin kuɗi mai zuwa.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya kare mu daga annoba, ya jiƙan ma'aikatan da suka rasu a bakin aiki.

Wassalam,
Wani ma'aikacin jinya,
daga Daura, Jihar Katsina.