Wasiƙa Zuwa Kumasi: Rumbu Kake Nema ko Magatakarda?

Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina Alhaji,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da duk jama'ar Kumasi. Yaya jikin Hajiya? Allah Ya ƙara mata sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai zafi da ya fara sako kai. Yara kullum sai sun tambaye ni yaushe Baban Kumasi zai zo.

Na saurari saƙon muryarka har sau biyu. Ka ce wani dillalin manhaja ya zo ofis ya nuna maka tsarin sarrafa takardu, abin ya burge ka, amma da ya faɗi kuɗin sai jikinka ya yi sanyi. Babban yaronka kuma yana cewa asara ce, tunda ga Google Drive a wayar kowa. Ban so in amsa maka a tsaitsaye ba, domin ni na bi wannan hanyar, na san inda ƙaya take. Shi ya sa na zauna bayan Isha'i na rubuto.

Dillalin da yaronka ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Google Drive da Dropbox da OneDrive rumbu ne: ka zuba, ka ɗiba, daga duk inda kake. Ko asalinsu ya nuna haka. Drew Houston, wanda ya kafa Dropbox a 2007 tare da Arash Ferdowsi, mantuwar filashinsa ce a wata tafiyar mota daga Boston zuwa New York ta sa shi fara tunanin abin. Damuwar mutum ɗaya ce da ke son fayilinsa ya bi shi duk inda ya sa ƙafa. Abin da dillalin ya nuna maka kuwa magatakarda ne. Ka tuna ofisoshin da, inda akwai mai rajista da ke karɓar kowace takarda, ya buga mata hatimi da lamba, ya rubuta ranar da ta shigo da teburin da ta tafi, in wani ya ɗauki fayil sai ya sa hannu? To shi aka mayar cikin kwamfuta. Rumbu ba ya tambayar wa ya shigo ko me ya zuba. Magatakarda aikinsa ke nan.

Bari in ba ka labarin abin da ya same mu, don gani ya kori ji. Mun shekara kusan huɗu muna aiki da Drive na kyauta, kowa da adireshinsa na Gmail. Wani yaro mai ƙwazo da ke riƙe mana lissafin sito shi ya buɗe yawancin foldoji, ya ba mu izinin shiga. Da ya samu wani aiki ya tafi, muka rabu lafiya, har da addu'a. Bayan wata uku, wata safiyar Litinin, akantanmu ya kira ni teburinsa. Ya danna foldar webil, wato takardun rakiyar kaya, ta shekara biyu, allon ya ce sai ya nemi izini. Ya sake dannawa, ya cire tabarau ya goge, ya kuma dannawa. Ashe wurin ajiyar yaron ne ya cika, domin gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta a haɗe yake da saƙonnin imel da hotuna, sai ya yi shara. Ba mugunta ya yi ba. A tsarin Drive, fayil na wanda ya ƙirƙire shi ne, mu baƙi ne kawai a ciki. Abin da aka jefa kwandon shara kuma kwana 30 yake yi ya tafi ke nan. Da muka same shi a waya, kwanakin sun wuce. Mako biyu muka yi muna zazzage kwalaye a sito, ƙura har maƙogwaro, muna tattara kwafin takarda, wasu tawadarsu ta koɗe ba a iya karanta adadin buhu.

Abin da na koya a nan shi ne matsalarmu ta farko ba rashin babbar manhaja ba ce, rashin mallaka ce. Saboda haka, tun kafin ka yanke shawarar komai, ka duba a asusun wa takardun kamfaninka suke kwance a daren nan. In amsar ita ce a Gmail ɗin yaranka da cikin WhatsApp, to wannan ita ce gobarar da za ka fara kashewa. Ka buɗe asusun kamfani, ko Google Workspace ko Microsoft 365, kowa ya samu adireshi da sunan kamfani, fayiloli su zauna a rumbun haɗaka wanda na kamfani ne ba na mutum ba. Ranar da wani ya bar aiki, ka rufe ƙofarsa, kaya na nan inda suke.

Wani abu da mutane da yawa ba su gane ba: daidaita fayiloli tsakanin kwamfuta da intanet ba ajiyar ko-ta-kwana ba ce. Madubi ne. In sakatariyarka ta goge folda a kwamfutarta don ta samu wuri, zai goge a wurin kowa. In ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli don neman fansa ta shiga na'ura ɗaya, kullallun ne za su hau intanet. Akwai damar dawo da tsohon kwafi, amma tana da wa'adi: Dropbox na kyauta kwana 30, tsarinsa na kamfanoni kwana 180 ko sama, kwandon sharar OneDrive na ma'aikata kwana 93. Mu yanzu duk Juma'a kafin masallaci ana kwafe komai a wani faifan ajiya, in tafi da shi gida. Wanda ya ga abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta yi a 2016, ko ruwan da ya shiga Kantin Kwari a 2022, ba sai an yi masa dogon bayani kan ajiye kwafi a wani wuri daban ba.

To yanzu ga magatakarda, kuma ba zan rage masa daraja ba, domin abin da yake yi rumbu ba zai taɓa yi ba. A folda, takarda wuri ɗaya take zama. Ka ɗauki rasit ɗin wani dila na Tamale: a foldar dilan za a sa shi, ko ta watan da aka biya, ko ta nau'in kayan? Mutum uku za su ba ka amsa uku, kuma daga nan ɓata ke farawa. Manhajar sarrafa takardu ba ta tambayar inda za a ajiye, tana tambayar mece ce wannan takarda. Sai ka cike: rasit ne, na wane, ranar kaza, adadi kaza. Gobe ko ta wace kafa ka nema za ta fito. M-Files, wadda kamfanin ƙasar Finland ne ya yi ta, a kan wannan tunanin kacokan aka gina ta. DocuWare ta Jamus, wadda kamfanin Ricoh ya saya a 2019, ta yi suna wajen bin sawun takardun biyan kuɗi: takarda ta shigo, ta tafi wurin mai sito ya tabbatar kaya sun iso, ta wuce wurin akanta, sannan ta zo gabanka ka amince, in ta kwana uku a teburin wani sai manhajar ta tuna masa. In mutum ya ɗauki takarda zai yi gyara, takan kulle ta har ya mayar, don kada mutum biyu su yi ta gyara a kan juna. Kuma tana rubuta wanda ya buɗe, wanda ya canza, da ƙarfe nawa.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi shiga raina. Akwai lokacin da muka aika wa wani abokin ciniki takardar farashi, ya riƙe mu da ita, ashe tsohuwa ce. A folda akwai guda uku masu kusan suna ɗaya: ta ƙarshe, ta ƙarshe 2, da wadda aka gyara. Babu wanda ya iya cewa ga wadda na amince da ita. Mun cika alkawari a tsohon farashi don kare mutunci, amma zargin da ya shiga tsakanin yara biyu ya fi asarar kuɗin ciwo. Da akwai rajista, da minti ɗaya ya ishe mu.

Sai kuma doka. A nan, dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a adana bayanan lissafi shekara shida, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ku a Ghana kun riga mu, taku dokar kare bayanan tun 2012 take, Act 843. Kwafin katin shaidar ma'aikata da lambobin asusun bankinsu ba abin da za a bari kowa ya leƙa ba ne, kuma ba abin da za a riƙe har abada ba ne. Magatakarda na iya sa wa kowane nau'in takarda wa'adi da iyakar masu gani. A rumbu, kai ne za ka riƙa tunawa.

Duk da haka, shawarata ita ce kada ka saya yanzu. Ku goma sha biyu ne, mutum uku ne kawai ke taɓa takarda da gaske, kuma duk amincewa daga bakinka take fitowa. Irin wannan manhaja kuɗin lasisi shi ne ƙaramin nauyinta. Sai an zauna an tsara nau'o'in takardu, an koya wa mutane, an samu na'urar sikanin da wanda zai tsaya a kanta kullum. In yaron sito ya ga sai ya cike gurbi biyar kafin ya ajiye webil ɗaya, alhali mota na jira direba na danna hon, wallahi hoto zai ɗauka ya tura ta WhatsApp, kai kuma kana biyan kuɗin wata a banza. Dillalin zai nuna maka yadda manhaja ke karanta rubutun da aka yi sikanin ɗinsa, kuma gaskiya ne tana karanta bugaggen rubutu da kyau. Ka miƙa masa webil ɗin da direba ya cike da biro a kan bonet, ka ga yadda za su ƙare. Mafi yawan takardunmu irin waɗannan ne.

Ka kuma lura da kuɗin da za a biya da shi. Yawancinsu da dala ake lissafi, kowane mutum kowane wata. Mu da muka ga dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, mun ga yadda kuɗin da ka ɗauka ƙarami ke ninkuwa sau uku ba tare da ka ƙara ma'aikaci ko ɗaya ba. Kai ma ka san halin kuɗinku, sidi. Sannan ka tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, ku a Ghana abin ya fi mu taɓa ku. Duk tsarin da za ka ɗauka, ka tabbata fayilolin da ake aiki da su kullum suna buɗuwa ko babu sabis.

Akwai hanya ta tsakiya, ita muka bi. In ka ɗauki Microsoft 365 na kasuwanci, SharePoint, manhajar ajiya da raba takardun kamfani, na cikinsa. Za ka iya farawa da shi kamar rumbu, daga baya ka ƙara gurabun bayani, da kulle takarda lokacin gyara, da neman amincewa, ba tare da ka kwashe kaya zuwa wani gida ba. Yana buƙatar wanda ya iya shi ya tsara maka tun farko, in ba haka ba zai rikice. Akwai kuma na kyauta irin su Paperless-ngx da Mayan EDMS da ake ɗorawa a kwamfutar ofis, amma nan kai ne mai gadi, kai ne mai wuta, kai ne mai gyara. Ban ba ka shawararsu ba sai kana da yaro amintacce da zai daɗe tare da kai.

Abin da zan so ka yi a watan nan: asusun kamfani, foldoji kaɗan da kai kaɗai ke da ikon ƙarawa, da ƙa'ida ɗaya ta sa wa fayil suna: shekara, wata, rana, sunan abokin ciniki, nau'in takarda. Kowa ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a wayarsa, wato bayan kalmar sirri sai ya ƙara tabbatarwa ta waya kafin ya shiga. Ku yi wata shida a haka. Ranar da ka buɗe reshen Tamale da kake magana, ya zama wani ne ke amincewa da biyan kuɗi ba a gabanka ba, ko ka fara kwangilar da masu binciken kuɗi za su riƙa tambayar wa ya sa hannu kuma yaushe, to ka kira dillalin. Kafin ka sa hannu ka ce ya ba ka gwajin wata guda da takardunka na gaske, kuma ya nuna maka a gabanka yadda za ka fitar da duk takardunka tare da bayanansu in wata rana kun rabu. In ya fara kame-kame a kan wannan, ka sallame shi da girma.

Ka turo mini hoton yadda foldojinku suke yanzu, da jerin takardun da ke shigowa a mako, mu duba tare ranar Asabar bayan La'asar. Ka sa yaron naka ya zauna a wurin, domin shi zai riƙe abin, kuma yana da gaskiya a rabin maganarsa.

Ka gaishe mini da Hajiya da jiki, da uwargida, da yara baki ɗaya. Goron da ka aiko ya iso lafiya, an raba har maƙwabta, Allah Ya saka da alheri.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Kano