Gaisuwar sabuwar shekarar Sinawa daga Guangzhou

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da Baba da su Auta. Yau Talata, 17 ga Fabrairu 2026, Sinawa suka shiga sabuwar shekararsu, wadda suke kira shekarar doki, ga kuma azumi a bakin ƙofa. Su ma da wata suke lissafi, sai dai duk bayan shekara biyu ko uku sukan ƙara wata na goma sha uku, shi ya sa bikin ba ya zagaye shekara kamar Sallarmu, kullum tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu yake faɗowa. Kwana 15 ake yi. Ku gaya wa Yaya ya yi haƙuri da zancen kayansa, masana'antu a rufe suke, ma'aikata duk sun tafi ƙauyukansu, kuma aiki ba ya kankama sai an ci bikin fitilu na ranar ƙarshe.

Zakin da kuka gani a bidiyo ba aljani ba ne, Inna, mutum biyu ne a ciki. Na gaba yana riƙe da kan, wanda aka saƙa da gora aka manne da takarda da ƙyalle, akwai igiya a ciki da yake ja ido ya ƙifta, da hannu kuma yake buɗe bakin. Na baya a duƙe yake, riƙe da ɗamarar na gaba, shi ne mai ɗaga shi idan zakin zai miƙe tsaye. Wahalar tana wurinsa, yabon kuma na gaba ke sha. Irin wannan zakin na kudu ne, garin Foshan da ke nan kusa ya yi suna da shi. Mai ganga ƙafar zakin yake kallo, in ya saki kiɗa kafin a taka, tsallen ya lalace. Masu shago kan rataya latas da jan ambulan na kuɗi a saman ƙofa, zakin ya cafke, ya yayyage ganyen ya watso wa jama'a, don a harshensu sunan latas ya yi kama da kalmar samun dukiya.

To Auta, ga bayanin jiaozi, wato kwaɓin fulawa da ake naɗe nama a ciki a dafa a ruwa, da kika dame ni a kai, ya dace da buɗa-baki. Asalinsa abincin arewacin Sin ne, kuma yawancinsu da naman alade suke yi, wasu har da 'yar giyar girki, don haka a nan sai shagon da aka rubuta alamar halal muke shiga. Musulminsu 'yan ƙabilar Hui da na rago ko na sa suke yi, nasu zan koya miki.

Ki samu fulawa rabin kilo, gishiri rabin ƙaramin cokali, ruwan sanyi kofi ɗaya, wato mililita 250. Babu yis, babu mai. Ki kwaɓa da tauri, ki murza minti 10, ki rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle ya huta minti 30. Kada ki tsallake hutun nan, in ba haka ba kina miƙar da shi yana komawa. Haɗin ciki kuwa niƙaƙƙen naman rago ne rabin kilo mai ɗan kitse, don tsoka zalla bushewa take yi. Ki sa ɗanyar citta, ganyen albasa, man riɗi cokali biyu, soya sos in akwai, in babu dunƙule ya wadatar. Ki zuba ruwa cokali huɗu kaɗan-kaɗan kina juyawa ta ɓangare ɗaya har naman ya yi danƙo.

Kabeji shi ke ba mutane kunya. Ki yanka rabin ƙulli ƙanana, ki barbaɗa gishiri, ki bar shi minti 15, sannan ki matse shi a ƙyalle sosai kafin ki haɗa shi da naman. In kika zuba shi haka nan, ruwansa zai jiƙa fulawar, bakin ya ƙi mannewa, ki wayi gari da faten nama a tukunya.

Ki gutsura kwaɓin fulawar kamar girman dabino babba, ki murza da kwalba ya kai faɗin bakin kofin shayi, tsakiya da kauri, gefe siriri. Cokalin shayi ɗaya na nama ya isa. Ki ninke kamar sabon wata ki matse bakin, kada maiƙo ya taɓa wurin matsewar. Za ki samu sittin ko fiye, ki jera su a tire mai barbaɗin fulawa ba tare da sun taɓa juna ba.

Sai ruwa ya tafasa a babbar tukunya za ki zuba, ashirin-ashirin, ki tura su a hankali da bayan ludayi don kada su kama ƙasa. Da ya sake tafasowa ki ƙara rabin kofin ruwan sanyi, ki yi haka sau uku, wannan ke hana fatar fashewa kafin naman ya nuna. In sun taso sun kumbura ki tsame. Su da baƙin binega da man barkono suke ci, amma yajin Inna da ɗan lemon tsami ya fi shi a bakina.

A gaishe da su Gwaggo da maƙwabta. Allah Ya kai mu Ramadan lafiya, a sa mu cikin addu'a.

Naku ɗanku, daga Guangzhou