A tambayi majinyaci kafin a tura masa saƙo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina goyon bayan bibiyar masu ɗauke da cutar ƙanjamau ta wayar salula, amma da sharaɗi.

Binciken WelTel da aka yi a Kenya, wanda aka wallafa a 2010, ya nuna cewa saƙon tes sau ɗaya a mako ya ƙara wa majinyata dagewa kan shan magani. Saƙon gaisuwa ce kawai, babu sunan cuta ko magani a ciki, kuma wanda ya amsa cewa akwai matsala, ma'aikacin jinya zai kira shi. Ina ganin wannan rufin asirin ne ya sa mutane suka karɓa.

A nan Arewa, waya ɗaya kan zagaya gida. Miji na iya buɗe wayar matarsa, yaro na wasa da ita a tsakar gida. Saƙo ɗaya mai ambaton magani ya isa ya kashe aure. Ga kuma da yawa da ba sa karanta boko, kiran murya da Hausa ya fi musu.

Ina roƙon hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta ƙasa, wato NACA, da asibitocinmu su bar kowane majinyaci ya zaɓi lamba, lokacin kira, da kalmomin da za a turo masa.

Wassalam,
Mai karatu daga Zariya