A koya wa yaranmu sauraren layi kafin su ce "babu netwok"

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Makon jiya na shiga wani banki a nan Kano zan tura wa ɗiyata kuɗin makaranta, na tarar da jama'a har bakin ƙofa. Akwai wani dattijo zaune a kan benci da 'yar jakarsa a cinya, ya ce tun ƙarfe tara yake nan, ga shi har an kira azahar. Yarinyar da ke kan kanta ba ta da abin faɗa sai "Baba, a yi haƙuri, babu netwok." Ban ga laifinta ba. Na nemi yaron da ke kula da na'urorin reshen, na ce, "Ɗana, a ina abin ya tsaya?" Ya ce daga kamfanin layi ne. Na ce, "Me ka gani da ya nuna maka haka?" Ya ce ya kashe rawuta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin reshen da layin waje, ya kunna har sau biyu. Amsar nan ce ta hana ni barci, domin yaron yana da ladabi da kaifin basira, amma ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake leƙa cikin layi.

Na yi sama da shekara ashirin ina aikin layukan sadarwa kafin in huta. A zamaninmu abin da ke haɗa rassan banki da hedkwata shi ne tsarin da ake kira Firem Rile. Ya bazu ne a farkon shekarun 1990, ya gaji X.25 wanda ke tsayawa a kowace tasha ya duba kaya, ya nemi a sake aiko wanda ya lalace. Firem Rile ya sauke wannan nauyin: bayanai suna tafiya ƙunshi-ƙunshi, wanda ya lalace a hanya a yar da shi, kwamfutocin da ke bakin layi su sasanta tsakaninsu. Kowane ƙunshi yana ɗauke da lamba a goshi, DLCI, kamar wadda ɗan kamasho ke rubutawa a jikin buhu a tasha don a san motar da zai shiga. Kusa da lambar akwai wasu 'yan alamomi guda uku, kowace bit ɗaya tak, wato ko a kunne ko a kashe. FECN tana gaya wa mai karɓa cewa an ci karo da cunkoso a hanya, BECN tana kai wa mai aikowa labarin, DE kuma tana cewa idan hanya ta cushe, wannan ƙunshin a fara zubar da shi. Wanda ya iya karanta waɗannan ukun ya gama rabin aikin.

A shekarar 2003, cikin tsananin zafi, wani reshen banki da ke kusa da Kantin Kwari ya shiga wani hali. Kullum da misalin ƙarfe biyu na rana, daidai lokacin da 'yan kasuwa ke kawo cinikin yini, kwamfutoci sai su daskare. Banki ya ce laifin kamfanin layi ne. Kamfani ya ce fitilarsa kore ce shar, a duba cikin gida. Mako uku ana jifan juna da wasiƙu, manajan reshen ya rame, har wani babban ɗan kasuwar atamfa ya kwashe kuɗinsa ya koma wani bankin.

Sai aka turo ni. Na zo da na'urar sauraren layi da muka aro, girmanta kamar akwatin lefe, nauyinta ma haka. Layin E1 ne, mai gudun kilobit 2,048 a daƙiƙa, an raba shi gurbi 32, kowanne kilobit 64, kuma reshen yana da gurbi huɗu a ciki. Nan ne wurin da hannu ke rawa, domin idan ka jona waya ba ta ƙofar saurare ba, ko ka manta ka sa na'urarka ta yi taɓi mai sauƙi, kai da kanka za ka kayar da layin da ka zo dubawa. Na jona wayoyi biyu, ɗaya ta abin da ke shigowa daga hedkwata a Legas, ɗaya ta abin da ke fita. Na zauna a kan kwalin takarda a cikin ɗan ɗakin na'urori, iyakwandishan ya mutu, gumi yana ɗiga a kan allon, ina jiran ƙarfe biyu.

Abin da na fara gani shi ne gaisuwar da rawuta ke yi da na'urar kamfani. Duk daƙiƙa 10 takan tambaya ko ana nan, a amsa mata, a karo na shida kuma a karanto mata jerin hanyoyin da ke buɗe. Gaisuwar ba ta taɓa yankewa ba. Ita ce koren fitilar da kamfani ke alfahari da ita, kuma iyakar abin da take nufi shi ne ƙofa a buɗe take, ba ta ce komai ba game da kayan da ke wucewa. Ƙunshin da lissafin ƙarshensa bai yi daidai ba kuwa, wato wanda ya lalace a hanya, ban ƙirga fiye da 'yan ƙalilan ba, saboda haka waya lafiyarta ƙalau.

Biyu da 'yan mintoci sai allon ya cika. Ƙunshin da ke zuwa daga Legas suka fara isowa da FECN a kunne, mafi yawansu kuma da tambarin DE, sannan ga giɓi a jerin lambobin saƙo, ga kwamfutoci suna ta sake aiko abin da ya ɓace. Na ware waɗanda ba su da tambarin DE na ƙirga: ko sau ɗaya ba su wuce kilobit 64 a daƙiƙa ba. Na ce wa manaja ya kawo mini takardar yarjejeniya. A rubuce, abin da kamfani ya ɗau alkawarin isarwa ko ana ha-maza-ha-mata kilobit 128 ne. Watanni ke nan ana biyan kuɗin 128 ana samun rabi, saboda wani ya shigar da lamba ba daidai ba ranar da aka kafa layin. Amma bankin ma bai fita ba. Kayan da ke cushe hanyar a wannan sa'a ba na hada-hadar kuɗin abokan hulɗa ba ne, sabunta manhajar kashe ƙwayar cutar kwamfuta ce da hedkwata ta tsara a tura wa dukan rassa da tsakar rana. Na buga shafi biyu na miƙa wa kowane ɓangare. Ba wanda ya yi musu. Washegari aka gyara lambar, aka mayar da sabuntawar ƙarfe ɗayan dare, rigimar mako uku ta mutu.

Daga baya na yi irin wannan aiki a manyan layuka, irin E3 mai gudun megabit 34, inda rassa da dama ke haɗuwa. A can dabara ta fi ƙarfi amfani. Layin yana kwararo sama da megabait 4 (kowane bait bit takwas ne) a kowace daƙiƙa ta kowane ɓangare, rumbun na'urarmu kuwa kafin ka gyara zama ya cika. Dole ka sa rariya, ka ce lambar DLCI kaza kaɗai nake so, ka kafa tarko na'urar ta fara kamawa sai ta ga alamar cunkoso, kuma ka yanke kan ƙunshin kawai ka bar cikinsa. Wannan na ƙarshe ba don rumbu kaɗai muke yi ba. Firem Rile ba ya ɓoye abin da yake ɗauka, idan bankin bai kulle bayanansa da kansa ba, sunan mutum da abin da ke asusunsa suna iya bayyana a gabanka. Maigidana da ya koya mini aikin ba ya yarda a jona waya sai da izinin mai layi a rubuce, kuma a goge abin da aka kama da zarar an gama. Amana ce, kuma yau ma doka ta shigo ciki, tun da an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a 2023.

Na san Firem Rile ya kwanta dama, sabon tsarin da ake kira MPLS da wayar zaren gilashi sun karɓe fagen. Sai dai cunkoso bai mutu ba, alkawarin gudu da ba a cikawa bai mutu ba, kuma har gobe ana tura kaya masu nauyi a lokacin da bai dace ba. Abin da ya sauya shi ne kayan aiki sun yi arha. Abin da muke arowa da roƙo a da, yau manhajar Wireshark tana yin mafi yawansa kyauta a kan kwamfutar cinya. To me ya hana a koya?

Ina roƙon malaman kwalejojin kimiyya da fasaha da jami'o'inmu na Arewa su ware ko da zango ɗaya ɗalibi ya zauna gaban layi mai rai, ya kama ƙunshi ya karanta da idonsa, ba zane a allo kaɗai ba. Ina roƙon bankuna da asibitoci da makarantun da ke sayen layi su sa a cikin yarjejeniya cewa duk ranar da aka samu matsala za a ba su abin da aka auna, da sa'a da lamba. Hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ma tana iya tilasta hakan. Shi kuma yaron bankin nan, na bar masa saƙo wurin mai gadi cewa ranar Asabar bayan la'asar ina gida, ya zo da kwamfutarsa. Ina da tsofaffin rawuta biyu da wayar haɗa su a cikin kwali, za mu fara daga gaisuwar daƙiƙa goma.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin layin sadarwa,
Hotoro, Kano.